Gashin Bakin Malam Alli

Asabar, 1 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun tare. Bene na biyu daga bakin titi, hawa na uku, ɗaki biyu da ɗan madafi, ga famfo wanda in ka murɗa ya zubo, in ka rufe ya tsaya. Na murɗa na rufe har sau uku ina kallo, sai da maman yara ta ce in ba ni da aikin yi in zo in riƙe mata labule. Wata biyu muka yi a zauren taro, iyali arba'in, zani ne bangon kowa. Yau ga mu da ƙofa mai sakata.

Abin da muka fito da shi bai da yawa. Kujerar aski, wadda na ɗauko a ka ranar da ambaliya ta ci unguwarmu. Madubin shago, da zanen laka a tsakiyarsa daidai ƙirjina, na goge na goge ya ƙi fita. Injin aski biyu, ɗaya ya mutu. Tukwane. Sai mu huɗu cif. Duk wanda ya ce mun yi asara ya zo ya ƙirga mu.

Littafin nan 'yata ce ta ba ni, cikin waɗanda aka raba wa 'yan makaranta. Shekararta goma, tana aji biyar. Alƙaliya muke ce mata, don tun tana 'yar shekara shida in kana magana sai ta zuba maka ido ko ƙiftawa babu, kamar mai shirin yanke maka hukunci. Ta ce, "Baba, tunda yanzu ba ka da wanda za ka cika da surutu, ungo wannan." Ta yi gaskiya. Mai aski in ba kai a gabansa, dole ya nemi inda zai juye magana.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kai su sabuwar makaranta, ita da ƙaninta Sarkin Surutu, ɗan aji ɗaya. Tsohuwar makarantarsu ta bakin gada an rufe ta, an raba yaran gida uku. Mu aka ba mu wadda ke bayan tashar mota, tafiyar minti goma, mai fenti shuɗi da tagogi masu gilashi. Sarkin Surutu tun kafin mu shiga ya riga ya tambayi maigadi sunansa da na matarsa.

Shugabar makaranta ta tara mu iyayen sababbin yara. Ta ce takardun tsohuwar makaranta ba wadda ake iya karantawa, saboda haka ranar Alhamis ashirin da bakwai ga wata za a yi wa yaran gwaji, lissafi da shifta. Wanda ya ci ya zauna a ajinsa. Wanda bai ci ba a mai da shi baya da aji biyu. Wasu iyayen suka fara gunaguni, ni kuwa dariya na yi. 'Yata ta uku take zuwa a ajinsu, shekara uku a jere. Su kawo gwajin gobe ma.

Malamin ajinta wani dogo ne, yara na ce masa Dogon Malam. Ba laifi, yana da natsuwa. Amma gashin bakinsa! Ya sauko ya rufe leɓe kamar labulen ƙofa, har hannuna ya fara ƙaiƙayi. Shi da tsawo yake jera yara, gajeru gaba, dogaye baya. Alƙaliya tsawon uwarta ta ɗauko, ta tafi bencin ƙarshe kusa da ƙofa.

Laraba, 5 ga wata, bayan azahar

Na samu shago! Ƙarƙashin matakalar benenmu, inda ake jibge tsintsiya da bokiti. Mai kula da bene ya ce in zan share in riƙe. Na share. In na miƙe sosai sai kaina ya gaisa da siminti, amma kujera ta zauna daram.

Kai na farko da na samu na maƙwabcinmu ne, direban babbar mota, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya. Ya ce a yi masa gyara mai kyau. Na ce masa ai Allah ya riga ni yin rabin aikin. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce zai kawo min 'ya'yansa uku.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe uku

Sarkin Surutu ya ce abokansa goma sha ɗaya. Alƙaliya ta ce makarantar ba laifi. Lafiya lau take.

Juma'a, 7 ga wata, yamma

Kai shida yau.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Alƙaliya ta dawo da littafin shifta. Biyu cikin ashirin.

Na duba. Rubutun nan nata mai kyau, kamar an jera shi da zare, amma kalmomin ba su ne aka faɗa ba. Wasu layukan ma fayau, ba komai. Ta ajiye littafin a kan tabarma ta shige ɗaki.

Maman yara na yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Baban yara, ya kamata mu gaya musu."

Na ce, "Mu gaya musu me?"

Ta ce, "Ka sani."

Ban sani ba. Baƙon wuri ne, baƙon malami, yarinya ta yi wata biyu tana kwana cikin hayaniyar mutum ɗari biyu. Ko babba ma sai ya ɗan rikice. Kwana biyu za ta ware. Lafiya lau take.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Injin da ya mutu ya tashi! Na kwance shi gaba ɗaya, na kankare tsatsa da tsohon buroshin haƙori, na sa mai, na shanya kwana uku a taga. Yau na jona, ya yi tari sau biyu, ya kama kuka kamar sabo. Na fito bakin matakala na ɗaga shi sama, matan hawa na ɗaya suka yi min tafi ba su ma san dalili ba.

Na kafa madubi kuma. Kafin in rataya na leƙa bayansa. Abin da na soke a can sama tsakanin katako da gilashi shekara huɗu da suka wuce yana nan, zanen bai kai wurinsa ba, ko danshi bai taɓa shi ba. Duk abin da na so ya tsira ya tafi, wannan kuwa ya tsira. Na mayar da shi inda yake.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu

Takarda daga Dogon Malam. Ya ce yarinyar tana da raini. Ya kira ta sau uku tana kallon littafi, sai da na kusa da ita ya buga benci. Ya tsayar da ita gaban aji. Ya ce in haka za ta ci gaba, ba sai an jira ranar gwaji ba an san inda za ta.

Raina ya ɓaci, kuma a kanta na sauke, abin da nake jin kunyarsa yanzu. Na ce ta dinga mai da hankali. Ta zuba min idon nan nata har na gama, sannan ta ce, "Ina mayarwa, Baba."

Can da za ta tashi ta ƙara da cewa, "In aka mai da ni aji uku, ba zan ƙara zuwa ba." Ba kuka, ba fushi, kamar mai faɗin yau Juma'a. Na san halin gidanmu. Haka uwata take magana in ta gama yanke shawara, kuma ba a taɓa juya ta ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu

To ga shi nan! Na zaunar da ita a kujerar aski, na tsaya gabanta, na karanta mata kalma ashirin daga littafinsu. Goma sha tara! Wadda ta faɗi ɗin ma ni ne na karanta ba daidai ba. Na hau sama da gudu na dangwara wa uwarta littafin a gaba. Na ce wannan ce za a mayar aji uku? Malamin nan ne bai iya karatu ba, magana na maƙalewa a gashin baki.

Ta duba, ta ce, "Madalla. To yanzu juya mata baya ka karanta."

Na ce ana jirana a shago.

Lahadi, 16 ga wata, hantsi

Ban juya ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban san ta inda zan fara ba, bari in bi shi yadda ya zo.

Wajen la'asar ina wanke mataji sai na ji ƙararrawar keke a bakin matakala. Malam Alli ne, malaminsu na tsohuwar makaranta, wanda ya riƙe ajinsu tun daga aji biyu yana hawa da su. Alli ba ya rabuwa da hannun rigarsa, shi ya sa sunan ya bi shi. An tura shi wata makaranta can ƙarshen gari, amma kullum in ya tashi sai ya hau keke yana bin sababbin gidaje, yana duba inda kowane yaronsa ya faɗa. Ya ce saura biyar ya gama.

Da ƙyar na gane shi, don gashin bakinsa ya dawo.

Dole in yi bayani. Mutumin nan shekara ashirin yana renon gashin baki, har da ɗan matajinsa a aljihu. Shekara uku da suka wuce ya shigo shagona wata Asabar ya ce in sauke shi duka. Na ɗauka wasa yake. Na ce ko amarya aka ce ba ta so? Ya ce in dai yi aikina. Tun daga ranar duk Asabar sai ya zo na kankare masa leɓe tas, kuma duk Asabar sai na tsokane shi da zancen amaryar da ba ta zo ba.

Saboda haka yau da ya zauna na yafa masa ƙyalle, na ce, "Malam, amaryar ta fasa ke nan? Ya aka yi ya dawo?"

Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Ai yanzu ba na koyar da 'yarka."

Almakashi na hannuna. Na ajiye shi.

Ya ce tun makon farko ya lura. In ya juya ga allo yana magana, hannunta sai ya tsaya. In ya juyo sai ta ci gaba. Sai ya dawo da ita bencin gaba, ta gefen da kunnenta na dama zai fuskance shi. Ya koma tsayawa kusa da taga, inda haske ke faɗa masa a fuska. Ya daina magana yana rubutu. Duk da haka ya ga tana ɗan karkata kai tana leƙen ƙarƙashin gashin, shi ne ya zo wurina. Ya ce 'yar mai faci, wadda suke benci ɗaya, ita ke zungurarta da gwiwa in an kira sunanta daga baya. Yanzu ita an kai ta wata makarantar daban. Ya ce duk ajin sun sani, yara talatin da huɗu, kuma ba wanda ya taɓa yi mata gori.

Na ce, "Malam, me ya hana ka gaya min?"

Ya ce, "Na zo gaya maka. Ranar da na zo askin farko. Na fara ke nan ka ce min lafiya lau take, kuma aska na wuyana. Wa zai yi musu da mai aska a wuyansa?"

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Sai shi ma ya daina. Ya ce yana da nasa laifin, ya rufa min asiri, ya ɗauka zai kai ta har ƙarshen firamare da hannunsa, bai taɓa kawowa za a wayi gari ba makarantar ba. Ya ce in na so gobe zai hau keke ya je ya yi wa shugabar bayani. "Amma ni malami ne da ya wuce. Kai ne uba. Daga bakinka ya kamata ta fito."

Na gyara masa gashin bakin, na daidaita gefe da gefe.

Laraba, 19 ga wata, rana tsaka

Shekara uku ina kankare leɓen mutum ina yi masa dariya. Shekara uku.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar

Na juya.

Na zaunar da ita, na fuskanci taga, na karanta kalma ashirin da murya sosai. Uku ta samu. Ukun ma ta ce cinta ta yi.

Bari in rubuta, tunda littafi ba ya kallon mutum. Tana shekara shida zazzaɓi ya kama ta. Uwarta ta ce mu tafi asibiti. Ƙarshen mako ne, shago cike, mutane har waje, na ce a ba ta magani a gida, gobe ma je. Goben ta zama jibi, jibi ta zama gata. Da muka je an ceci ranta, amma bayan wata biyu likita ya gwada ta ya rubuta takarda, ya ce mu kai makaranta, mu kuma dawo a duba abin da za a yi. Ban kai ba, ban koma ba. Na ce in aka sani za a raba ni da ita a kai ta wata makaranta mai nisa, ko a laƙa mata sunan da zai bi ta har tsufa. Haka na gaya wa uwarta. Gaskiyar ita ce duk wanda ya karanta takardar nan zai tambaya yaya aka yi, ni kuma ba na son a tambaya. An ce wanzami ba ya son jarfa.

Na tsuguna gabanta na ce, "Alƙaliya, kin san na sani?"

Ta ce, "Ai na san ka sani, Baba."

"To me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba?"

Ta ce, "In aka yi maganar sai fuskarka ta lalace. Ni kuma fuskarka nake kallo."

Na sauka shago na rufe ƙofa. Direba ya ƙwanƙwasa, na ce wuta aka ɗauke, alhali ga fitila na ci a kansa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ciro takardar daga bayan madubi, na sa riga mai kyau, na tafi. Na kai ƙofar makaranta. Na gaisa da maigadi, na tambaye shi iyali, na ce masa sumarsa ta isa aski. Na juyo gida.

Maman yara ta ce ranar Litinin ƙafarta ƙafata.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha biyu

Na faɗa! Da bakina, a ofishin shugaba, ga maman yara a dama, ga Alƙaliya a hagu, ga Dogon Malam tsaye jikin ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na miƙa takardar, duk ta yi ja don daɗewa.

Shugaba ta karanta, ta cire tabarau ta ce, "Shekara huɗu?" Na ce shekara huɗu. Ta yi min faɗan da tun rasuwar uwata ba a yi min irinsa ba, na sunkuyar da kai na shanye, don na ci a yi min. Amma ba ta tambayi yaya aka yi ba. Ba kuma wanda ya yi zancen makaranta mai nisa. Ta ce yau ɗin nan a dawo da yarinya gaba, ta rubuta mana takarda zuwa asibiti a gwada ta ko na'urar ji za ta taimaka. Abin da na yi shekara huɗu ina gudu, minti goma ya ɗauka.

Gwajin dai yana nan. Ta ce ba ta da ikon cire shifta, kuma malamin aji ne ke karantawa. Sha biyu cikin ashirin ake nema.

Dogon Malam ya ce, kamar da kansa yake, "Sau biyu na tsayar da ita gaban aji." Sannan ya dubi Alƙaliya ya ce daga yau zai dinga fuskantarta.

Ita kuwa, 'yar nan da ba ta magana, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ko ka fuskance ni ba na ganin bakinka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Uwarta ta mintsine ta. Shugaba ta kama tari ta juya tana neman wani abu a durowa. Dogon Malam ya ɗaure fuska, ya ce lokacin darasi ya yi, ya fita. A hanya na ce wa maman yara shi ke nan, mun gyara mun ɓata.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe uku

Bencin gaba. Tara cikin ashirin. Saura uku, saura kwana biyu.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau kam a bar ni in yi alfahari.

Bayan la'asar ina share gashi sai na ga wuri ya yi duhu, mutum ya tare ƙofar shago. Dogon Malam. Sai da ya ranƙwafa kafin ya shigo, duk da haka matakala ta gaisa da shi. Ya zauna a kujera, na yafa masa ƙyalle ban ko tsokane shi ba, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Can ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina renonsa."

Na ce, "Ya nuna, Malam. A rage ne ko a sauke?"

Ya ce, "Ban sani ba. Kira mai shari'ar."

Na tura Sarkin Surutu ya sauko da yayarsa, shi kuma kafin ya kai hawa na uku ya shaida wa duk benen. Ta zo ta tsaya gaban kujera, hannu a baya. Malam ya ce ga yadda za a yi: in rage kaɗan, shi ya faɗi kalma can ƙasa-ƙasa, in ta gane a tsaya, in ba ta gane ba a ƙara.

Na sa mataji, na datse layi ɗaya. Ya motsa baki. Ta girgiza kai. Na ƙara. Ya motsa. Ta karkata kai, ta girgiza. A lokacin matakala ta cika, mata da yara har da direba da ɗan kwanonsa a hannu, duk sanda ta girgiza kai sai ka ji an ce, "A ƙara!" Malam na zufa, yana kallon shekarunsa na zuba a kan ƙyalle. A karo na huɗu leɓen sama ya fito, wanda ina jin ko matarsa ta manta kamanninsa. Ya motsa baki.

Ta ce, "Jirgi."

Ya sake. Ta ce, "Makaranta."

Ya sake, wannan karon doguwa. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba komai, Malam. Ya wuce."

Ba wanda ya gane abin da ya ce sai ita. Ni dai ina da ido.

Na ɗaga inji na ce a ƙarasa? Ta ce, "Ya isa, Baba. Bar masa sauran." Matakala ta ɗauki tafi. Na daidaita masa abin da ya rage, siriri, tsaf, irin aikin da in na mutu za a tuna ni da shi. Ya daɗe yana kallon madubi, ya ce ashe haka yake. Ya tambayi zanen da ke tsakiyar gilashin, na ce tsohon zance ne.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Tana ciki yanzu. Na yi wa direba aski sau biyu, shi da ba gashi.

Ƙarfe biyu

Ta dawo. Ta ce ya tsaya kusa da taga. Ta ci abinci har da ƙari. Sakamako sai Litinin.

Asabar, 29 ga wata, la'asar

Malam Alli ya biyo, ya ce ya gama gano yaransa duka talatin da huɗu, kowa da benci, kowa da rufi a kansa. Ya kawo wa Alƙaliya wasiƙa daga 'yar mai faci, wai gwiwarta ta rasa aikin yi. Na ba shi labarin Laraba tun daga farko. Da na kai wurin "bar masa sauran" sai ya dafe kai ya ce, "Wato ragewa ma ta isa? Shekara uku ina yawo da fuska tsirara a banza?"

Alƙaliya ta ce, "Ai ba ka tambaye ni ba, Malam."

Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Da zai tafi na riƙe masa keke har bakin titi. Na shirya magana mai tsawo tun shekaranjiya, da na buɗe baki ba abin da ya fito sai "Malam." Ya ce ya ji, in koma ga shagona.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe uku da kwata

Goma sha bakwai! Lissafi kuwa ba ta faɗi ko ɗaya ba. Aji biyar, bencin gaba, gefen taga. Ta shigo shago ta ajiye takardar a kan kujera kamar ba komai, ni kuwa na fita tsakiyar titi da ita, na nuna wa mai shayi, na nuna wa mai kula da bene, na nuna wa wani bawan Allah da ke jiran mota wanda ban taɓa gani ba. Maman yara ta leƙo ta taga tana cewa in shigo kafin a ce na zautu. A ce mana.

Asibiti ranar Laraba. Ni zan kai ta, shago ya jira.

Bari in rubuta shi sau ɗaya da hannuna, baƙi a kan fari. 'Yata ba ta ji da kunnen hagu, na dama ma kaɗan-kaɗan. Tana aji biyar.

Da ta juya za ta hau sama, wata magana ta zo min wadda na daɗe ina riƙe da ita, ta neman gafararta. Na kira ta daga baya, sabo. Ba ta juyo ba. Na ajiye almakashi, na bar mutum da rabin aski, na bi ta, na sha gabanta a kan matakala, na tsaya inda haske yake, sannan na faɗa mata.